Mama ta ce hasken eksire zai hana ni haihuwa: in karɓi karatun ko in haƙura?

"Anti barka da ƙoƙari. Shekarata 19, sau biyu ina neman karatun likita ban samu ba, bana sai aka ba ni gurbin karatun ɗaukar hoton asibiti, wato eksire. Mama ta ce sam ba da yawunta ba, wai hasken nan yana ƙona mahaifa, mace ba ta haihuwa in ta daɗe a ciki. Yayana kuma ya ce aikin danna maɓalli ne kawai, nan da 'yan shekaru kwamfuta za ta karɓe. Ga wata makaranta da na gani a intanet, sun ce wata shida kawai za a yi su ba ni satifiket in fara aiki, har ina tunanin ko can zan je in huta da dogon karatu. Kaina ya ɗaure Anti, kuma gaskiya ji nake kamar ragowar abin da likitoci suka bari aka miƙo min. Don Allah a ba ni shawara."

Ƙanwata sannu, na karanta saƙonki har sau biyu kuma ya taɓa ni, don na yi kusan shekara ashirin a ɗakin hoton nan da ake tsorata ki da shi, kuma duk maganganun da aka faɗa miki babu wadda ban ji da kunnena ba. Zan fara da ta Mama tunda ita ta fi hana ki barci, amma ki sani tun yanzu, a cikin duk abin da kika rubuto wanda ya fi tayar min da hankali shi ne makarantar wata shidan nan. Za mu zo kanta.

Kar ki kuskura ki ɗauki tsoron Mama a matsayin jahilci. Ruwa ba ya tsami banza. Wani Bajamushe masanin fiziks, Wilhelm Röntgen, shi ya gano hasken nan ranar 8 ga Nuwamba 1895 a garin Würzburg, bayan 'yan makonni ya ɗauki hoton hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe raɗau, duniya ta ɗauka, a 1901 aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fiziks. Toh a shekarun farkon nan babu wanda ya san illarsa, mutane har hannunsu suke sawa a gaban injin don su gwada ko yana aiki, kullum. Fatarsu ta ƙone, yatsu suka lalace aka yanke, ciwon daji ya kama wasu. Clarence Dally, wanda yake yi wa Thomas Edison aiki a Amurka, sai da aka yanke masa hannuwa duka biyu kafin ya rasu a 1904. A Hamburg akwai dutsen tunawa da aka kafa a 1936 ɗauke da sunayen mutum 169 da wannan aikin ya yi ajalinsu. Kin ga labarin da ya iso kunnen Mama yana da tushe, sai dai labarin mutanen da suka yi aiki ba kariya ba awo ne, kuma a kan wahalarsu aka gina duk dokokin da muke bi yau.

Yanzu hasken nan aunawa ake yi kamar yadda ake auna hawan jini, ma'auninsa ana ce masa milisibat. Ke da kike zaune a gida ba ki taɓa shiga asibiti ba, a shekara kina shan wajen milisibat 2.4 daga ƙasa da duwatsu da iska da sararin sama, wannan shi ne matsakaicin na duniya, haka Allah ya halicci wurin. Hoton ƙirji yana ba mara lafiya wajen 0.1, kwatankwacin abin da zai sha a sati biyu yana zaman gidansa, kuma shi ne fa a gaban injin, ke kina bayan bango. Hukumar duniya mai tsara ka'idar kariya, ICRP, wadda asalinta tun 1928, ta sa wa ma'aikaci iyakar milisibat 20 a shekara in an ɗauki matsakaicin shekara biyar, kada kuma shekara ɗaya ta wuce 50. Mu masu hoton yau da kullum, inda ake bin ka'ida, yawancinmu ko 1 ba ma kaiwa a shekara. Abin da kuwa yake kashe ƙwayayen haihuwar mace gaba ɗaya, sai wajen 2,500 zuwa sama sun sauka a wurin a lokaci guda. Ki ɗora 1 a gefen 2,500 ki duba tazarar.

Ba zan ce miki hatsari babu ko ɗigo ba, wanda ya faɗa miki haka bai yi miki adalci ba. Ka'idar da muke aiki da ita ita ce kowane ɗan haske yana iya ƙara ɗan hatsarin ciwon daji komai ƙanƙantarsa, shi ya sa ba ma wasa da shi ko da muna ƙasa da iyaka nesa. Abu uku za a yi ta nanata miki har ki haddace: ki rage lokaci, ki ja da baya, ki sa shamaki. Ja da bayan nan yana da daɗin lissafi, in kika ninka nisanki da wurin sau biyu hasken da zai same ki ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Bangon ɗakin da ƙofar da gilashin da kike leƙen mara lafiya ta ciki duk an yi su ne don tare hasken, yawanci da darma. In aiki ya kama sai kin tsaya a ciki, akwai rigar darma da abin wuya. Sannan ga wani ɗan baji da kike maƙalawa a ƙirji, yana tara lissafin abin da ya same ki, duk wata ɗaya zuwa uku a karɓa a karanta a rubuta da sunanki. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, hasken eksire ba ya zama a ɗaki, ba ya maƙalewa a kaya ko a jiki ki kai wa 'yan gida. Kamar ƙwan lantarki ne, ɗaukar hoton ƙirji ko daƙiƙa ɗaya ba ta kaiwa, kina sakin maɓalli ya ɗauke, shikenan.

Maganar ciki kuwa an tanade ta. Ranar da kika san kina da juna biyu za ki sanar da shugabar sashe, daga nan iyakar abin da aka yarda ya kai ga ɗan tayi milisibat 1 ne har ki haihu, sai a janye ki daga wuraren da ake tsayawa kusa da injin yana kunne, irin tiyata da ɗakin da ake zura waya a jijiya ana kallo a allo. Ni da cikina na yi aiki, abokan aikina mata ma haka, yaranmu ga su nan sun girma. Ban kawo wannan a matsayin hujja ba, hujja tana cikin lissafin da na ba ki, na faɗa ne don Mama ta san mu ma iyaye ne kuma ba za mu sa 'yar wani a abin da muka san zai cuce ta ba.

Inda hatsarin gaske yake shi ne wurin aikin da ba ya bin doka. Na taɓa yin 'yan watanni a wani ƙaramin wuri, ba baji, rigar darma ɗaya ce duk ta tsattsage don a ninke ake ajiye ta maimakon a rataye, kuma duk yaron da ya ƙi tsayawa sai a ce ma'aikaci ya shiga ya riƙe shi. Wannan ba daidai ba ne, ɗan'uwan yaron ake sa wa riga ya riƙe, don shi sau ɗaya zai yi, ke kuwa kullum ce. Na yi magana ba a ji ba, na ajiye musu aikinsu. Ki riƙe wannan tun yanzu, duk inda suka ce babu baji kar ki zauna, ko nawa za su ba ki.

Mama kuma kar ki je mata da gardama da lambobi kamar kina mata lacca, ranta zai ɓaci ne kawai. Ki roƙe ta ta raka ki sashen hoto na wani babban asibiti, ku nemi wata babbar ma'aikaciya mace ta nuna mata bangon, ta ɗaga rigar darma ta ji nauyinta da hannunta, ta ga bajin da takardar da ake rubuta sakamako. Gani ya kori ji. Uwa in ta ga akwai masu lura da lafiyar 'yarta a rubuce, hankalinta yakan kwanta, kuma albarkarta a karatun nan ta fi miki komai.

Sai maganar yayanki, wai danna maɓalli. Bari in kai ki ɗakin ki gani. Wajen ƙarfe biyun dare aka turo min wani dattijo a gadon turawa, ya faɗi a banɗaki, ƙafarsa ɗaya ta gajarce ta juya waje, da na gani na san da wuya in ba ƙashin kwatangwalo ba ne ya karye. Yana nishi yana riƙe hannuna yana cewa 'yata kar ki taɓa ƙafar nan. Likita yana son hoto biyu, na gaba da na gefe, don karaya ba a yanke mata hukunci da hoto ɗaya, ƙashi yana iya fitowa lafiya lau ta gaba alhali ta gefe ya goce. Mai lafiya zan ce masa juya, wannan kuwa in na juya shi zan iya ƙara gocer da ƙashin. Dole injin ne zai juya, na sauko da kan injin ya kwanta a gefe, na ɗaga lafiyayyar ƙafar na ɗora a kan matashi, na jingina farantin hoton a gefen ƙugunsa daidai kusurwar wuyan ƙashin, na zaɓi ƙarfin haske daidai kaurin jikinsa, na matse hasken ya tsaya iya inda ake buƙata, duk wannan ina masa magana a hankali har ya saki jiki ya daina motsi. Minti goma sha biyar na yi ina wannan shirin, danna maɓallin kuwa ƙiftawar ido. Da safe da hoton nan likitan ƙashi ya tsara aikinsa.

Ko hoton ƙirji da ake rainawa yana da ka'idarsa: nisan santimita 180 tsakanin injin da farantin don kar zuciya ta fito da girman da ba nata ba, kafaɗu a turo su gaba don allon kafaɗa ya fita daga kan huhu, mutum ya ja numfashi ya riƙe, ke kuma ki kama daidai lokacin. In ya ɗan karkace, ko bai cika huhun ba, hoton zai iya nuna ciwon da babu ko ya ɓoye wanda yake akwai. Ina ɗaliba na taɓa ɗaukar hoton gwiwa na manta ban sa alamar dama ko hagu ba, malamina bai yi min tsawa ba, cewa kawai ya yi je ki faɗa wa matar nan da bakinki cewa za a sake haska ta saboda ke. Na je na faɗa, kunya kamar ƙasa ta tsage, tun ranar ban sake mantawa ba. Mace kuma in tana shekarun haihuwa sai kin tambaye ta batun ciki kafin ki haska mara ko ƙugu, kuma ki iya tambayar cikin sirri da mutunci. Sau da yawa ke ce ta farko da za ki ga iska ta taru ta danne huhun mutum, ke za ki hana shi tafiya ki kira likita a guje.

Batun kwamfuta, yayanki ba shi ya fara ba. A 2016 Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin manyan masana ƙirƙirarriyar basira, ya ce a daina horar da likitocin karanta hoto don na'ura za ta fi su cikin 'yan shekaru. Shekarun sun zo sun wuce, har yau ƙasashe da yawa kukan ƙarancinsu suke. Kuma ki lura shi kan masu karanta hoton ya yi magana, ba mu masu ɗauka ba. Gaskiya ne yanzu akwai manhajojin da suke duba hoton ƙirji su nuna alamar tarin fuka, ana amfani da su kuma suna taimakawa sosai, injinan zamani ma suna taya ki saita wasu abubuwan. Aikin zai canza, ya ma saba canzawa, ni da fim na fara, a ɗakin duhu da warin sinadari, yau hoto yana fitowa a allo kafin mara lafiya ya sa rigarsa. Wanda ya ƙi koyon sabo shi aka bari a baya. Amma manhajar tana jiran hoto ne, wani sai ya kwantar da dattijon nan tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo ƙiyasin ana yin gwajin hoto irin wannan kusan biliyan 3.6 a shekara, kuma mutane suna ƙara tsawon rai, ciwon daji da na zuciya da haɗarin mota ba raguwa suke ba.

Toh yanzu makarantar wata shida. Don girman Allah ki tsaya ki ji ni da kyau a nan. Araha ba ta ado. Wannan aiki ne mai lasisi, a yawancin ƙasashe akwai hukumar da take rajistar masu yinsa, kuma ba ta rajistar kowa sai wanda ya fito daga makarantar da ta amince da ita. A Amurka mafi yawa suna bi ta jarrabawar ARRT, hukumar da take tantance masu ɗaukar hoton asibiti a can, kuma tun 2015 sai kana da aƙalla ƙaramin digiri na shekara biyu kafin ka zauna mata, bayan nan ma duk shekara biyu sai ka nuna ka ƙaro ilimi. A Ingila digiri ne na shekara uku sannan rajista da HCPC, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya ta can, in ba ka da ita haramun ne ka kira kanka da sunan aikin. Wasu ƙasashen shekara huɗu ne, wasu biyar har da shekarar gwaji a asibiti. Akwai kuma matakin difloma ko na mataimaki, shekara biyu zuwa uku, shi ma halal ne in hukuma ta san da shi, sai dai iyakarsa hotunan yau da kullum a ƙarƙashin kulawar babba, kuma hawa sama daga nan yana da wuya sai an koma makaranta. A duk waɗannan babu inda wata shida a intanet yake mayar da mutum cikakken mai ɗaukar hoto. Na ga yara da idona sun zo neman aiki da irin takardar nan mai ado da hatimi, an duba sunan makarantar a jerin hukuma babu, yarinya ta fita tana hawaye, kuɗin iyaye sun tafi, shekara ta tafi. Masu ɗaukarsu aiki kuwa su ne irin wurin da na ba ki labari, marasa baji, don sun san ba ki da bakin magana.

Har gurbin da aka ba ki ma ki bincike shi, kar ki ce ai babbar makaranta ce. Makaranta tana iya zama sananniya amma wannan kwas ɗin bai samu amincewa ba tukuna. Ki nemi hukumar rajista ta ƙasarki, ki duba jerinta da kanki, kar ki tsaya a kan abin da makarantar ta rubuta a tallarta. Sannan ki tambaya a wane asibiti ɗalibai suke koyon aiki, wata nawa, ɗalibi nawa ne a kan injin ɗaya, ana ba su baji, akwai manyan injinan hoton cikin jiki irin siti sikan da MRI ko a littafi kawai ake ganinsu. Wanda zai faɗa miki gaskiya ɗalibin ajin ƙarshe ne, ki samu ɗaya ko biyu ki tambaye su hoto nawa suka ɗauka da hannunsu. In suka fara kame-kame kin samu amsa.

Karatun kansa ba wasa ba ne, gara ki shirya. Akwai ilimin sassan jiki, kuma ba a sama-sama ba, kowane ƙashi da kowane tudu da rami a jikinsa sai kin san sunansa da yadda yake fitowa in an haska ta kowace kusurwa, daga baya ki koyi ganin jiki a yanke-yanke kamar yadda siti yake nunawa. Akwai fiziks, nan ne da yawa suke kuka, amma fiziks ne mai amfani da za ki ga aikinsa a hannunki washegari. Akwai ilimin cututtuka, da kula da mara lafiya, da ruwan da ake sawa ta jijiya don hoto ya fito, wanda sai an duba ƙoda kafin a ba wasu kuma yana iya tayar wa wani da rikici nan take, dole ki san me za ki yi a minti na farko. Tunda har kin nemi likita sau biyu na san kina da tushen kimiyya, ba na jin zai gagare ki.

In kin gama, hanya ba ɗaya ba ce, kuma wannan ne abin da ban sani ba lokacin da na shiga. Kowa da hoton ƙashi da ƙirji yake farawa, ki yi shekara ɗaya ko biyu a nan hannunki ya faɗa, kar ki yi gaggawa. Daga nan ga siti sikan, wanda wani injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera aka fara gwada shi a kan mara lafiya a Landan a 1971, yau shi ne ƙashin bayan sashen gaggawa. Ga MRI, shi babu hasken eksire a cikinsa ko kaɗan, maganaɗisu ne mai tsananin ƙarfi da ba a kashe shi dare da rana, hatsarinsa ƙarfe ne, tukunyar oksijin in ta shiga ɗakin fizgarta yake kamar harsashi. Ga sikanin ciki da na masu juna biyu, shi ma babu hasken eksire a cikinsa, da sauti yake aiki, in Mama ta kasa sakin jiki ki nuna mata waɗannan biyun. Ga hoton nono don gano ciwon daji da wuri, inda ake matuƙar neman mata, don mace da yawa ta gwammace ta koma gida da ciwonta da ta buɗe ƙirji a gaban namiji, kuma wallahi ko don wannan kaɗai ina son in ga irinku sun shigo. Akwai ɓangaren gashin ciwon daji, wato ƙona shi da haske, wanda a wasu ƙasashen kamar Ingila digirinsa daban ne tun daga farko, sai ki tambaya naki wanne ne. Wasu suna komawa koyarwa, wasu kula da rumbun hotuna na kwamfuta, wasu kamfanonin da suke ƙera injinan irin Siemens da GE da Philips suke ɗauka suna zagayawa suna koyar da ma'aikata. A Ingila ma akwai masu ƙaro karatu su riƙa rubuta sakamakon hoton da kansu. Lasisin ƙasa ɗaya ba ya aiki kai tsaye a wata, sai an tantance takardunki, kuma a nan ne za ki gode wa Allah da kika yi makaranta mai rajista.

Wahalarsa ma ki ji. Akwai kwanan asibiti da aikin ranar hutu, don karaya ba ta san dare ba. Akwai tsayuwa da ɗaga marasa lafiya da tura injin zuwa gadon wanda ba ya iya tasowa, ciwon baya ya fi haske kama mutanenmu nesa ba kusa ba, ki koyi ɗaga mutum yadda ya kamata tun kina ɗaliba. Za ki ga jini, za ki ga yaron da mota ta buge, za ki ga ƙari a allo ki gane ko mene ne alhali matar tana miki murmushi tana tambaya lafiya dai ko, ke kuma ba hurumin ki ba ne ki faɗa, sai ki ce likita zai yi miki bayani, ki raka ta ƙofa. Wannan har yau yana min nauyi. Albashi kuwa ba zai kai na likita ba, kar wani ya ruɗe ki, amma sana'a ce da take riƙe mutum da mutunci, kuma yana ƙaruwa sosai in kin ƙware a ɗaya daga cikin ɓangarorin can.

Na bar maganarki ta ƙarshe don ita ce a zuciyarki, wai ragowa. Na san zafin neman abu sau biyu a rasa, ba zan ce miki ba komai ba. Amma ki tambayi kanki me kike so a likitancin. In abin da kike so shi ne ke ki gano ciwo ki rubuta magani ki yi tiyata, toh wannan aikin ba zai ba ki shi ba, kuma kar ki shiga da niyyar zama rabin likita, za ki yi ta ciwon rai kina kallon fararen riguna, marasa lafiya kuma su za su sha haushin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kuwa abin da yake jan ki shi ne jikin ɗan Adam da na'ura da tsayawa kusa da mutum a ranar da ya fi kowace rana jin tsoro, duk suna nan a ɗakin hoto, har sun yi yawa. A yaƙin duniya na farko Marie Curie, da kyautar Nobel biyu a hannunta, ta sa an ɗora injinan eksire a motoci wajen 20 ta kai su kusa da fagen daga, ta koyi tuƙi da kanta, ta horar da mata wajen 150 yadda za su ɗauki hoton sojojin da harsashi ya shiga jikinsu. Wannan aikin da aka miƙo miki shi ta ga ya kai ta bar ɗakin bincikenta dominsa.

Ra'ayina, in hukuma ta tabbatar da kwas ɗin, ki karɓa. Amma kafin ki sa hannu ki nemi izini a sashen hoton da za ku je da Mama, ki ce ke ɗaliba ce mai shirin shiga, su bar ki ki zauna kwana biyu ko uku kina kallo daga bayan gilashi, in da hali har da yini ɗaya a ɓangaren gaggawa. Ki lura da kanki lokacin da aka turo wanda yake ihu, ƙafarki gaba take yi ko baya. Ki sake rubuto min abin da kika gani da abin da Mama ta ce bayan ta ɗaga rigar darmar, ina jira. Allah ya yi miki zaɓi mafi alheri, ki gaishe min da ita.